"Bayan wuya sai daɗi": jiransa ake yi ko tashi ake a nemo shi?

Manomi daga Auyo:
Assalamu alaikum. Tambaya ce da ni a kan karin maganar nan. A daminar 2022, da Kogin Haɗeja ya yi ambaliya, ruwa ya shanye min shinkafa tana gab da fitar da kai, ya rushe ɗakin mahaifiyata da rumbu ɗaya. Duk wanda ya zo jaje abu guda yake faɗa: "Haƙuri, bayan wuya sai daɗi." Na kusa wata huɗu a zaure ina jiran daɗin nan, na daina zuwa majalisa, kasuwa ma sai dole. Abin da ya tashe ni, wata rana na jiyo ƙaramar 'yata a tsakar gida tana tambayar uwarta wai ko Baba ciwo yake yi. A daren na yi wa kaina alkawari zan daina lissafin buhunan da ruwa ya ci, kuma zan yi noman rani ko da a gonar aro ce. Na ari injin ban ruwa, na dasa albasa. Ban yi arziki ba, amma barcina ya dawo. Shi ne nake ganin kamar maganar nan ta zaunar da ni ne. Ko ni ne ban fahimce ta ba?

Dattijo daga Kafin Hausa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah Ya mayar da alheri. Ba maganar ce ta zaunar da kai ba, baƙin ciki ne. Karin magana ba ta tafiya ita kaɗai. Bakin da ya ce bayan wuya sai daɗi, shi ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kuma ka dubi wuyar da ake nufi: ta mai aiki ce. Wanda ya sha rana a noman firi da maimai, shi ake faɗa wa haka ranar da ya ɗaure dami. Asalinta ke nan a wurina.

Matashi daga Ringim:
Baba, a gafarce ni, amma in haka ne ashe masu jaje sun sa ta inda ba wurinta ba. Wuyar noma kai ka zaɓe ta, ka san lokacin girbi. Ambaliya fa? Mu ma ta ci mu a shekarar, mutane suka koma ajujuwan makarantar firamare da tabarmi da tukwane. Wanda ya ce min bayan wuya sai daɗi a lokacin, wallahi ji na yi kamar yana so ya rufe min baki ya tafi.

Malamin Islamiyya daga Miga:
Akwai abin lura a nan. Mutane na haɗa karin maganar da ayoyi na 5 da na 6 na Suratu Alam Nashraha, to amma kalmar da ke cikin ayar "ma'a" ce, wato tare da tsanani akwai sauƙi, kuma sau biyu aka maimaita. Bahaushe ya ce "bayan", Alƙur'ani ya ce "tare da". Ɗan'uwanmu na Auyo, ruwan da ya ci shinkafarka shi ya bar danshin da fadama ta riƙe har rani. Maƙwabcin da ya ara maka inji yana nan tun kana zaure. Sauƙin na kusa da kai tun a lokacin, niyyar da ka ɗaura ce ta sa ka gan shi.

Uwar marayu daga Jahun:
Malam, Allah Ya ƙara ilimi, ka taɓa min zuciya. Ni ba ruwa ne ya ci ni ba, maigidana ne ya rasu ya bar min yara biyar. Bayan na fita takaba na yi shekara ba na shiga sha'anin kowa, ko suna aka yi sai in aika. Ranar da na yanke shawara, gyaɗa tiya biyu na aika aka sayo, na soya, na kai niƙa, na matse mai, na murza ƙuli-ƙuli. Ƙamshin ya cika gidan, yaran suka zagaye kaskon suna miƙo hannu, a ranar na fara dariya da su. Na shiga adashe, na kuma ce duk Juma'a sai na leƙa gidan wata 'yar'uwa. Amma ina tare da yaron nan na Ringim a abu ɗaya. Ranar da aka fita da gawa kada a faɗa wa mutum wannan magana. Addu'a ta isa.

Dattijo daga Kafin Hausa:
'Yata, na karɓi wannan. Kowace magana da lokacinta. Ranar ta'aziyya "Allah Ya ba da haƙuri" ake cewa. Ita wannan sai an ga mutum ya fara ɗaga kai, a faɗa masa don a ƙara masa ƙarfin gwiwa.

Matashi daga Ringim:
Duk da haka, Baba, ban gamsu da "sai" ɗin nan ba. Kamar alkawari ne. Akwai waɗanda ciyawar kachalla ta toshe musu hanyar ruwa, shekara da shekaru gonarsu na ƙarƙashin ruwa, sun yi haƙurin sun yi ƙoƙarin. Su me za a ce musu?

Manomi daga Auyo:
Ƙanena, ba ni da amsar wannan, na san irin mutanen da kake nufi, wasu dangina ne. Abin da na sani, daɗin da na samu ba buhunan ba ne suka dawo, har yau da sauran bashin taki a kaina. Inna ta koma ɗakinta, ni na kwaɓa ƙasar da hannuna. Gobe bayan Asuba zan je in duba irin albasar da na yafa, in ya kai dashe in kira yara mu fara.