Wane hedfon zan fara saya don jin kiɗa?

Abban Nana: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina so in bar ƙananan iyafis ɗin nan da nake saya duk bayan wata biyu, in sayi hedfon babba mai rufe kunne, na jin kiɗa zalla. Yawanci tsofaffin waƙoƙin kalangu da gurmi nake ji, sai na Larabawa kaɗan. A waya zan riƙa sawa. Dubu 150 ne a hannuna, wanne kuke ganin zan ɗauka?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Oraimo mana, ka riƙe canjinka.

Injiniya: Wai me ya sa kai komai aka tambaya sai ka ce Oraimo? Mutum ya ce yana son na jin kiɗa sosai. Abban Nana kafin a ce maka komai, a ina za ka riƙa sawa, a ɗaki kai kaɗai ko a shago cikin mutane? Kuma wayarka tana da ramin sa iyafis?

Abban Nana: Tana da shi Injiniya. A gida ne da daddare, wani lokacin a shago idan kasuwa ta yi sanyi.

Baban Yusra: To ɗan'uwa tsaya ka ji nawa kafin ka fitar da ko sisi, don har yau abin yana min ciwo. Bara na tara kuɗi na je wani shago na sayi hedfon mai bulutut na wani babban kamfani, kwali a liƙe da leda, takardu cif, har da ɗan littafin nan mai harsuna kala-kala, mai shagon yana ta rantsuwa orijinal ne. Satin farko ba laifi, amma na lura duk waƙar da na sa duka ne kawai ke tashi, dum dum dum, muryar mawaƙi tana can baya, 'yan amshi kuwa sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane me suke cewa. Da zafin watan Afrilu ya shigo sai fatar soson kunnen ta fara ɓarewa, in na cire sai in ga baƙin ɓarɓashi a kunnena da wuyan rigata, ranar Juma'a ma da farar shadda haka na fita ban sani ba. Kafin wata huɗu ɓangaren hagu ya ɗauke. Na kai wa mai gyara ya buɗe a gabana, wallahi ƙarfe ne aka manna da gam a ciki don ya yi nauyi a hannu, lasifikar kanta 'yar mitsitsiya. Na koma shagon, ya ce ai kayan wuta ba garanti. Don haka duk wanda za ka saya, ka tafi da wayarka da waƙar da ka haddace, a buɗe a sa maka ka ji, kuma a rubuta maka rasit da sharaɗin dawowa. Wanda ya ce ba a buɗe kwali, ka bar masa kayansa.

Ummu Khalil: Allah ya mayar da alheri Baban Yusra. Wannan ɓarewar fatar ni ma ta same ni, ashe ba ni kaɗai ba ce.

Injiniya: Amin. Ɓarewar nan har orijinal yana yi, zafi da gumi ne ke cinye fatar robar, shi ya sa ake son wanda ake iya canza masa soso. Abban Nana da kuɗinka ka nemi mai waya, ka manta da bulutut tukuna. Mai bulutut kuɗinka ya rabu ne tsakanin batir da makirfo da sauran tarkace, kuma ranar da batirin ya mutu shi ke nan. Ka duba Audio-Technica M40x ko Sony MDR-7506, dukkansu wajen dala 100 suke a waje. Shi Sony ɗin tun 1991 ake yinsa, gidajen rediyo da situdiyo sun daɗe da shi saboda yana fito da murya tas, kalangu kuwa za ka ji har lokacin da makaɗi ya matse tsirkiya sautin ya hau. Matsalarsa wayarsa mai murɗe ce, doguwa, da nauyi, kuma ba a cire ta. M40x ana cire wayarsa, in ta tsinke ka sayi wata.

Sarkin Gida: Sennheiser HD 600 kawai, an gama magana.

Injiniya: Haba Yallaɓai. Wannan ya ninka kuɗin Abban Nana, kuma om 300 ne (om ma'aunin turjiyar wuta ne, in ya yi yawa hedfon na buƙatar ƙarin ƙarfi), waya ba za ta iya tura shi yadda ya kamata ba sai an haɗa da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. M40x om 35 ne, Sony 63, waya tana ɗaukarsu. Ga shi HD 600 ɗin bayansa a buɗe yake, duk abin da kake ji na kusa da kai yana ji, kai ma kana jin janaretan maƙwabta.

Sarkin Gida: Ai buɗaɗɗen ne ke sa ka ji kamar makaɗan suna zaune a gabanka. In kuɗi ne matsala akwai Philips SHP9500, shi ma buɗaɗɗe ne, om 32, kuma ba ya dafa kunne irin rufaffun nan naku.

Ummu Khalil: Gaskiya maganar zafi a duba ta. Ni rufaffe minti talatin na yi yawa, sai gumi.

Abban Nana: To ni da Maman Nana da yara muke kwana ɗaki ɗaya yanzu saboda gyaran da ake yi, buɗaɗɗen ba zai tashe su ba?

Ɗan Fagge: Zai tashe su, kuma ranar za ka kwana a zaure da kalangunka 😂

Malam Na Zariya: Ni abin da zan ƙara, a riƙa tausaya wa kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako a ƙarar desibel 80, in ƙarar ta ƙaru lokacin raguwa yake sosai. Yaran yanzu sai ka yi sallama sau uku ba su ji ba.

Baban Yusra: Wannan gaskiya ne Malam.

Ɗan Fagge: Amma Injiniya maganar bulutut ɗin nan ka cika tsanani. Wa ke yawo da igiya yanzu? Tun iPhone 7 a 2016 aka fara toshe ramin.

Injiniya: Akwai ɗan mahaɗin USB-C ai, kuɗi kaɗan ne. Kuma ku masu iPhone ko kun sayi Sony mai LDAC, wato tsarin Sony na tura sauti mai inganci ta bulutut, ba za ku more shi ba, a tsarin AAC wayarku ta tsaya.

Ɗan Fagge: Kunnenka ne zai bambance AAC da LDAC a waƙar da aka turo ta WhatsApp?

Sarkin Gida: Nan kam Ɗan Fagge ya faɗi gaskiya. Tsofaffin waƙoƙin nan yawancinsu daga kaset aka kwafo, an matse su an sake matsewa, hedfon mai kyau har shuuu ɗin kaset zai fito maka da shi.

Ummu Khalil: Yauwa, tunda an zo nan, don Allah wa ke da waƙoƙin gurmi masu tsabta? Babanmu ke nema, nasa duk sun shaƙe.

Malam Na Zariya: Ina da kaɗan a tsohuwar kwamfutata Hajiya, sai dai cajarta ta ƙone. In an samu mai irinta a zauren nan ya taimaka.

Ɗan Fagge: Wace iri ce Malam, mai siririn baki ko mai kauri?

Abban Nana: Jama'a ni fa har yanzu ban ji ba, Sony ɗin ko M40x?

Malam Na Zariya: Mai kauri ce, HP.