Taƙaitawar muhawararmu kan cinikin jiragen yaƙi na Super Tucano tsakanin Najeriya da Amurka

Jama'a, ga abin da na tsinto:

1. Kowa ya yarda kuɗi kaɗai ba ya sayo jirgin yaƙi daga Amurka, sai gwamnatinsu ta amince, an sanar da majalisarsu. Obama ya dakatar da cinikin jirage 12 bayan harin kuskuren da jirgin sojan Najeriya ya kai kan sansanin 'yan gudun hijira na Rann, jihar Borno, a Janairun 2017, Trump ya sahale, suka iso Najeriya a 2021.

2. Mafi yawa sun ce a saka horon matuƙa da kayan gyara cikin yarjejeniya, kada jirgi ya kwanta a sansanin sojan sama na Kainji yana jiran ƙusa ɗaya.

3. An rabu kan sharuɗɗan Amurka na kare fararen hula. Wasu sun kira su katsalandan, wasu suka ce Rann ta isa hujja. Ni ina tare da na biyun.

4. 'Yan kaɗan sun ce a ƙaro jiragen yaƙi na JF-17 daga Pakistan.