Lido da Whot sun ishe mu, wane wasa za mu saya wa majalisa?

Ɗan Jekadafari:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Muna da majalisa a nan Jekadafari cikin Gombe, mu shida ne, wani lokaci bakwai idan wani ya zo da baƙo. Zamanmu daga bayan Isha'i ne zuwa wajen ƙarfe goma. Lido da Whot sun ishe mu, sai muka yi karo-karo don mu sayi sabon wasa guda ɗaya. Ga yadda muke: a kan tabarma muke zama, ba tebur. Idan babu wuta fitila mai caji ce. Biyu daga cikinmu Turancinsu bai yi ƙarfi ba. Sannan akwai ɗaya da ba ya taɓa duk wasan da ake kaɗa ɗan lido a cikinsa, saboda fatawar da yake bi, mu kuma ba ma son ya zauna yana kallonmu. Wani ya ce Monopoly, wani ya ce Scrabble, wani kuma ya gano Catan a intanet. Masana, wanne ne ba za mu yi da-na-sani ba?

Mai Lissafi, Tumfure:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duk ukun da ka ambata babu wanda ya dace da zamanku, bari in faɗi dalili.

Scrabble na mutum 2 zuwa 4 ne, to biyu ko uku sun koma 'yan kallo tun kafin a fara. Kuma wasa ne da wanda ya fi haddar kalmomi yake cinyewa kullum. Ba a banza Najeriya ta yi suna a cikinsa ba, Wellington Jighere ya ci gasar duniya a 2015 a Ostireliya, amma wannan aikin hadda ne na shekaru. Idan kun ce ku buga da Hausa sai ku tarar haruffan ba namu aka auna ba. A cikin guda 100 na akwatin Turanci, A tara ce kacal, E goma sha biyu, K ɗaya tilo, babu ƙ, ɗ, ɓ. Kalma kamar "makaranta" ita kaɗai ta cinye A huɗu. Kafin a yi rabi A ta ƙare, kowa yana riƙe da tarin E da V da ba su da amfani.

Monopoly yana ɗaukar ku duka, amma da 'yan lido biyu ake tafiya a ciki, ga shi wanda ya karye sai ya fita ya jira sauran. A majalisa wannan shi ne mafi muni: mutum ya tsiyace ƙarfe tara, ya ɗauki waya, gobe ba zai so a sake fito da akwatin ba.

Catan na mutum 3 zuwa 4 ne. Sai an ƙara sayen wani ƙaramin akwati daban kafin ya ɗauki 5 ko 6, kuɗi biyu ke nan, kuma shi ma ɗan lido ne zuciyarsa.

Abin da zan ce ku duba shi ne Ticket to Ride, wasan jirgin ƙasa wanda Alan Moon ya ƙirƙira, ya fito a 2004. Babu ɗan lido, babu karatu sai sunayen garuruwa a kan taswira. Kowa yana da taragon roba 45. Akwai kati 110 na tarago: launi 8, kowanne 12, da kan jirgi 14 wanda yake shiga madadin kowane launi, kamar dai 20 a Whot. Idan layi ya zo kanka abu ɗaya za ka yi cikin uku: ka ɗebi kati biyu, ko ka ajiye katuna masu launi ɗaya ka kama hanya tsakanin gari biyu, ko ka ƙaro tikiti. Tikiti shi ne aikin sirrinka, a ce ka haɗa gari kaza da gari kaza. Ka haɗa, makin naka ne. Ka kasa, a cire maka shi a ƙarshe. Hanya mai tarago 1 maki 1 ce, mai 3 maki 4, mai 6 maki 15, shi ya sa mai haƙurin tara kati yake wuce mai gaggawar kama gajerun hanyoyi. Da zarar taragon wani sun koma 2 ko ƙasa, kowa ya yi juyi ɗaya a rufe. Babu wanda ake fitarwa. Zaman farko ku ba shi awa ɗaya da rabi, daga baya awa ɗaya ta isa.

Aibinsa ɗaya a wurinku: mutum 5 ne iyakarsa. Ku shida sai biyu su haɗa hannu ɗaya.

Anti Malama, Yalwa Bauchi:

Ƙanena, kafin ku kashe kuɗin karo-karon nan ku gwada wani abu da kwali da alƙalamin maka. Akwai wasan da ake kira Codenames, wani ɗan ƙasar Cek, Vlaada Chvátil, ya fitar da shi a 2015. Na akwatin kalmomin Turanci ne, zai cuci mutanenku biyu. Amma tsarinsa ba ya buƙatar komai sai kalmomi, kuma da Hausa ya fi armashi. Mutum 6 ko 7 ne ma daidai gejinsa, domin gida biyu ake rabuwa.

Ku sayi kwali fari 3 ko 4 a shagon kayan makaranta, ku yanka shi santimita 5 da 8, ku fitar da kati kamar 200. Kowane kati kalma ɗaya, suna, ba aikatau ba. Ku rubuta ta sau biyu, ɗaya a juye, don na ƙetaren tabarma ya karanta ba sai ya karkata wuya ba. A kowane wasa ana shimfiɗa 25, biyar-biyar.

Sai mabuɗi. Wannan ƙaramar takarda ce mai gida 25 daidai da shimfiɗar. A yi wa 9 daga ciki alamar ja (kalmomin gida ɗaya ke nan), 8 alamar shuɗi (na ɗaya gidan), 7 a bar su fari, 1 a cike shi da baƙi. Ku zana kamar 30 tun da rana, kowanne daban, ku kife su, a riƙa zaro ɗaya. Idan mutum ɗaya ya zana a lokacin wasa to ya riga ya san amsa. Jagoran kowane gida ne kaɗai yake ganin mabuɗi, su biyun suna zaune gefe guda. Gidan da yake da 9 shi yake farawa.

Jagora yana faɗin kalma ɗaya da lamba ɗaya, shi ke nan, ba ƙyafta ido, ba gyaran murya. A ce kalmomin gidansa akwai kuka, daddawa, tukunya. Sai ya ce "miya, uku". Mutanensa su yi shawara su taɓa kati ɗaya-ɗaya. Sun dace, su ci gaba, har zuwa lambar da ƙarin ɗaya. Sun taɓa fari ko na abokan hamayya, layi ya wuce. Sun taɓa baƙin nan, an cinye su nan take. To yanzu a ce baƙin katin "tuwo" ne. Wa zai ji miya bai kai hannu kan tuwo ba? A nan gwanintar take: jagora ya fara duba baƙin kafin ya duba nasa.

Wajen zaɓen kalmomi ku cika masu fuska biyu: wuya, gari, fari, wata, rana, dawa, gashi, rama, baki, kuka. Tunda ba ma sa alamar karin sauti a rubutu, "gari" na iya zama na tuwo, na iya zama na sarki, kuma ku amince tun farko cewa duka biyun sun halatta. Ku zuba sunayen wurare kaɗan, Dadin Kowa, Yankari, Ashaka, Kaltungo, amma kada su wuce ɗaya cikin goma, in ba haka ba kowa "gari, uku" zai riƙa cewa. Kada ku sa sunan kowa na unguwa, daga raha ake komawa gaba.

Inda yake lalacewa biyu ne. Jagora mai dogon tunani yana kashe zama, ku sa masa minti biyu a agogon waya. Na biyu, mai babbar murya ya riƙa taɓa kati ba shawara. Dokar ita ce wanda aka taɓa ya taɓu, don haka a naɗa mutum ɗaya mai taɓawa a kowane gida. Wasa ɗaya minti 15 zuwa 20 ne, a dare ɗaya kowa zai ɗana jagoranci.

Kawu na Pantami:

Malam Mai Lissafi, ka yi saurin yanke wa Catan hukunci. A duk wasannin nan a cikinsa aka fi yin ciniki baki da baki, "ba ni bulo in ba ka alkama biyu", kuma mutanenmu ciniki a jininsu yake. Klaus Teuber ya fitar da shi a Jamus a 1995, har yau ba a daina buga shi ba. Dokarsa ba ta da yawa: hanya bulo 1 da katako 1, ƙauye bulo, katako, ulu, alkama ɗaya-ɗaya, birni alkama 2 da tama 3. Wanda ya fara kai maki 10 ya ci.

Maganar ɗan lido, wanda lambar da ya fitar ce take nuna filin da zai ba da girbi, akwai mafita ta fuskar aiki. A yanka kati 36 a rubuta lambobi gwargwadon yadda 'yan lido biyu suke faɗuwa: 2 da 12 ɗaya-ɗaya, 3 da 11 bibbiyu, 4 da 10 uku-uku, 5 da 9 hurhuɗu, 6 da 8 biyar-biyar, 7 guda shida. A gauraya, a cire biyar a kife ba a gani ba don kada a ƙirga abin da ya rage, a riƙa buɗe ɗaya a kowane juyi. Wannan ma yana rage kukan "lambata ta ƙi fitowa". Sai dai ku tambayi mutumin naku tukuna. Hadisin da ake kafa hujja da shi a kan nardu, wani tsohon wasa da ake yi da ɗan lido, yake magana, yana cikin Muwaɗɗa, kuma malamai sun yi bayanai a kan abin da ya shiga ciki da abin da bai shiga ba. Idan a wurinsa sa'ar ce matsala, ba ƙwayar ba, to kati bai warware komai ba. Shi da malaminsa za su faɗa, ba mu ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, da mutum 6 Catan yana iya haura awa biyu, kuma sabon shiga da ya aza ƙauyukansa biyu na farko a kan 2 da 11 da 12 ya zauna ke nan babu girbi har a tashi. A nuna masa ya nemi mahaɗar da take taɓa 6 ko 8, kuma kada ya rasa bulo da katako.

Shi ma Monopoly ba laifinsa ba ne duka. Dokar asali ta ce wanda ya sauka a fili ya ƙi saya, banki ya yi gwanjonsa nan take. Mu ba ma yi. Sannan muna tara kuɗin tara a tsakiya a ba wanda ya sauka a wurin ajiye mota, abin da babu shi a doka. Waɗannan biyun ne suke mayar da wasan awa ɗaya da rabi ya zama na kwana. Akwai ma na Legas da ya fito a 2012, Banana Island ce mafi tsada a ciki. Duk da haka ba zan ce ku saya ba, saboda fitar da mutum da ake yi.

Ko wanne kuka saya, tabarma ba za ta riƙe shi ba. Allon Catan fale-fale 19 ne masu kusurwa shida, gwiwa ɗaya ta taɓa tabarma hanyoyi sun watse. Taragon roba ma haka. Ku je wurin kafinta ya yanka muku filawud ƙafa 3 da ƙafa 3, ya buga siririn katako a gefuna huɗu, ya goge ƙaya. A shimfiɗa masa tsohon zane mai kauri a kama da ƙusa ta baya, kati zai ɗauku da sauƙi kuma ba zai zame ba.

Ɗan Jekadafari:

Allah ya saka da alheri. Anti, kwalin nan za mu yanka shi wannan makon. Kawu, na tambayi mutumin, ya ce a bar Catan kawai, hankalinsa bai kwanta ba. To Ticket to Ride ke nan. Na ga iri-iri a intanet, farashi ya bambanta sosai. Wanne za mu ɗauka, kuma yaya ake gane jabu?

Mai Lissafi, Tumfure:

Cikakku guda biyu ne aka fi samu: na taswirar Amurka da na Turai wanda ya fito a 2005. Na Amurka ya fi sauƙin koyarwa. Na Turai yana da ƙarin dokoki, hanyar ƙarƙashin dutse da ta jirgin ruwa, amma yana da tasha guda 3 ga kowa, wadda take ba ka damar aron hanyar wani idan an tare ka. Majalisar da ake saurin fushi, na Turai ya fi zaman lafiya. Ku yi hattara da siraran akwatuna masu rahusa irin na taswirar Afirka: taswira ce da tikiti, babu tarago a ciki, sai kana da babban akwatin. Akwai kuma ƙanana na birni ɗaya, kamar na Landan, na mutum 4 ne kuma minti 15 an gama, ba naku ba ne.

Jabu yana da yawa. Idan farashi ya faɗi ƙasa da rabin na sauran masu sayarwa, ka yi shakka. Ka sa mai kaya ya turo hoton cikin akwatin a buɗe, ba na talla ba. Ranar da ya iso, kafin ka sallami mai kawowa in da hali, ka ƙirga: tarago aƙalla 45 a kowane launi biyar, kati 110. Ka ɗaga kati ɗaya a gaban fitila, in haske ya ratsa har kana ganin launin ta baya, za a riƙa karanta hannun juna. Ka buɗe allon ka ga ko yana kwanciya daram ko yana tashi a wajen ninki.

Sai batun fitila. A ƙarƙashin farin hasken mai caji, ja da ruwan lemo suna rikicewa, haka shuɗi da baƙi. Kowane launi yana da 'yar alamarsa a jikin kati da kan hanya, ku koya wa kowa duba alamar tun daren farko. Fitilar a rataye ta sama, kada a ajiye ta gefe, inuwar tarago tana rufe hanyar da ba a kama ba.

Dokar da aka fi mantawa: cikin katuna biyar da suke buɗe, wanda ya ɗauki kan jirgi shi kaɗai zai ɗauka a wannan juyin, kuma in kan jirgi uku suka bayyana tare a kwashe biyar ɗin a sake buɗe wasu. Hanyoyi masu layi biyu kuma sai ku huɗu ko biyar ake amfani da duka biyun. Tarago kowane launi a ledarsa, a ƙirga 45 kafin a rufe akwati, domin guda ɗaya ya shige ƙarƙashin tabarma lissafin ƙarshen wasa ya canza. Lokacin hunturu a sa akwatin gaba ɗaya cikin babbar leda, kuma kofin shayi ya zauna a ƙasa, ba a kan filawud ba.