Juriyar Hall ta ƙi kaiwa kilo'om 25.8 a MnBi2Te4, ina neman shawara

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu binciken kayan kwantam. Wata huɗu ke nan abu ɗaya ya tsaya mini a rai.

Ina ɓare siraran ɓawo masu hawa biyar daga kiristal ɗin MnBi2Te4 (haɗin manganis, bismut da teluriyam), ina so in ga wutar nan da ke bin gefen abu kawai ba tare da an sa maganaɗisu daga waje ba, wato abin da ake kira quantum anomalous Hall effect. Masu bincike a Jami'ar Fudan sun gan ta a 2020 a sanyin kelbin 1.4 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga ƙarshen sanyi), nesa da milikelbin 30 na Jami'ar Tsinghua a 2013 a wani kayan daban. To ni ko a ƙasa da kelbin 1.4, juriyar Hall (juriyar lantarki da ake aunawa tsakanin gefe biyu na ɓawon) ba ta kusantar kilo'om 25.8, adadin da ke nuna an samu wutar, sai na ɗora maganaɗisu mai ƙarfi. Da na sauke shi, sai ta zube.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tsarin maganaɗisun kayan yana kafuwa tun wajen kelbin 25. Me ke cinye wannan tazarar tsakanin kelbin 25 da sanyin da ake ganin wutar?

Zargina biyu ne. Ko dai manganis da bismut suna musayar gurbi a cikin kiristal, ko kuma ni nake lalata saman ɓawon. Duk ɓarewar a akwati mai cike da iskar agon nake yi, amma bayan shafa PMMA (robar da ake shafawa kafin zana wayoyi) na ga launin ɓawon ya sauya a madubin ƙara girma, kamar hawa ɗaya ya ɓace.

Don Allah, wane gwaji ne zai raba mini waɗannan biyun kafin in sake noman kiristal? Wanda ya taɓa rufe saman da alumina (haɗin alminiyam da oksijin) kafin saka wayoyi, ya taimaka ya faɗa mini yadda ta kaya.