Sayar da babban gida a koma ƙarami: me ake daidaitawa kafin a kwashe kaya?

Mai tambaya, Gidan Igwai:
Assalamu alaikum. Dattawa da dama a Sakkwato, idan 'ya'ya sun watse, suna sayar da babban gida su sayi mai ɗaki uku wajen Arkilla, Bado ko Dambuwa, su riƙe ragowar kuɗin. Dalilin a fili yake: ɗakuna a kulle, ga gyaran rufi duk damina. Ina roƙon masu sani su buɗe mana ɓangaren gado. Me ake yi kafin ciniki, me ake rubutawa, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe?

Lauyan filaye, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Kafin a kira dillali, a fara tabbatar da cewa gidan na mutum ɗaya ne. A tsofaffin unguwanni irin su Kanwuri da Ƙofar Rini, yawancin manyan gidaje a kan filin gado suke, wanda ba a taɓa rabawa ba. Babban wa ya gina, ya zauna shekara arba'in, kowa na cewa gidan wane, alhali ƙannensa mata suna da rabo a ƙasar. Ranar da aka ji an sayar, ranar suke tasowa, kuma da gaskiyarsu. Wanda yake da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a: ya biya kuɗin da mai saye ya biya, ya karɓe rabon da aka sayar. A tara su tun farko, a kimanta rabon kowa, a biya shi ko ya yafe a rubuce gaban shaidu.

Sai takardu. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna, kuma mai takardar C of O, wato shaidar mallakar fili ta gwamnati, ba ya mayar da ita ga wani sai da amincewar gwamna. Don haka takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce mai amfani, amma ba ta sauya suna a ma'aikatar filaye. Ga tsarin: a binciki fayil a ma'aikata ko gidan yana jingine a banki, a biya bashin harajin ƙasa, lauya ya rubuta takardar mallakawa, a nemi amincewa, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista. Irin wannan binciken za a yi wa ƙaramin gidan da za a saya, domin shi ne magada za su tarar. Idan ya zauna da sunan wanda ya sayar, su za su bi diddigin magadan wancan suna roƙon sa hannu.

Dillalin gidaje, Mabera:
Barista ya faɗi ta takarda, bari in ƙara ta ciniki. Kada a saki babba sai an kama ƙarami. Wanda ya karɓi kuɗi ya shiga haya "kafin a samu", wata shida baya sai ya tarar kuɗin sun zube daraja, 'yan uwa kuma sun ci rabi da rance. A rubuta wa'adin tashi cikin yarjejeniya, wata uku ya fi dacewa, a yanke la'ada tun farko, a biya ta banki don a sami shaida. Mitar wuta da ta ruwa a biya bashinsu, a sauya suna a gidajen biyu.

Malamin fara'id, Minannata:
Abin da ya fi damuna shi ne ragowar kuɗin. Babban gida kowa na ganinsa, ba ya ɓata. Da ya zama kuɗi a asusu, sai uba ya fara rabawa da baki: wannan a ba shi jari, wancan a ce masa "filin Kalambaina naka ne". A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe, tun mai bayarwa yana raye, da lafiyarsa da hankalinsa. Idan uba ya rasu takardar filin tana cikin akwatinsa, shi ke karɓar kuɗin haya, to filin ya koma gado, ko da duk unguwa ta ji lokacin da ya furta. Karɓa tana nufin a miƙa mabuɗi da takarda, ɗan ya killace ko ya sa ɗan haya da sunansa, shaidu biyu adalai su gani da idonsu.

Kyautar da aka yi cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Wasiyya kuwa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji ita sai idan sauran magada sun yarda bayan rasuwa. Saboda haka wanda ya rubuta "ƙaramin gida na autana ne bayan raina" bai ba autan komai ba, rigima ya bar masa.

A kuma daidaita tsakanin 'ya'ya. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir sananne ne: mahaifinsa ya ba shi kyauta shi kaɗai, Manzon Allah (SAW) ya ƙi yin shaida a kai. Inda wasiyya take da aiki sosai shi ne jikokin da mahaifinsu ya riga kakan rasuwa. Muddin akwai ɗa namiji a raye, ba su da rabo. Lokacin sayar da babban gida, wanda galibi a cikinsa marayun suke zaune, shi ne lokacin ware musu wani abu, kyauta a hannu ko wasiyya daga sulusi.

Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar rajistar kotu:
Allah gafarta Malam, a taɓo mana maganar mata, don su ne suka fi shan wuya. A babban gida, ko an raba gado, tsohuwa tana samun sashen da za ta fake cikin rabon 'ya'yanta. Ƙaramin gida ba ya rabuwa, sayarwa ake yi. A ɗauki misali: mutum ya rasu ya bar mata 2, 'ya'ya maza 3, mata 2, iyayensa sun riga shi. Bayan jana'iza, bashi da wasiyya, dukiya ta tsaya a naira miliyan 32, ciki har da gida na miliyan 16. Tumunin mata, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 4 ne, kowace miliyan 2. Ragowar miliyan 28 a kasa 8, namiji ya ɗauki miliyan 7, mace miliyan 3 da rabi. Matar da take da 'ya'ya za su iya haɗa rabonsu su riƙe gidan. Wadda ba ta haihu ba fa? Tana da haƙƙin zaman takaba a gidan, wata huɗu da kwana goma, daga nan sai ta ɗauki miliyan 2 ta nemi inda za ta sa haƙarƙarinta, tana da shekara sittin da wani abu. Wannan abin yana ci mini rai, kuma a gaban alƙali ba shi da magani, tun da rabo ne na Allah. Maganinsa yana hannun miji tun yana raye.

Malamin fara'id, Minannata:
Hajiya, kin taɓo wuri mai santsi. Da yawa suna cewa "na ba matata gidan da muke ciki", su rubuta, su ci gaba da zama tare. Malaman Malikiyya sun ce idan mace ta ba mijinta gidan da suke zaune, kyauta ta yi, amma idan miji ne ya ba matar kuma bai fita ba, karɓa ba ta tabbata ba, domin zaman nasa ne, shi ke da alhakin muhalli. Sauyin gida kuwa yana buɗe ƙofar da babu ita a da. Ya ba ta kuɗin, su shiga asusunta, ita ta sayi ƙaramin gidan da sunanta, takarda ta fito da sunanta. Sai dai ya sani: gidan ya fita daga hannunsa ke nan. Idan ta riga shi rasuwa, shi magaji ne kawai, rubu'i idan tana da ɗa ko 'ya, rabi idan babu, sauran na danginta. Mai mata fiye da ɗaya kuma sai ya yi adalci, kuma kada niyyar ta zama hana sauran magada.

Idan ta taɓa sayar da gwal ko shanunta aka zuba a ginin tsohon gidan, wannan bashi ne ko tarayya, a fitar mata da shi daga kuɗin ciniki tun yanzu. Iƙirarin bashi ga magaji a kan gadon asibiti abin tuhuma ne, sauran magada suna iya ƙalubalantarsa. Haka ɗan da ya gina sashe a gidan da kuɗinsa: a kimanta ginin, a biya shi.

Ma'aikacin banki, Gawon Nama:
Biyu daga wajenmu. Sunan da mutum ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa ba ya mayar da wannan mutumin mai kuɗin. Wanda za a tuntuɓa ne kawai, kuma banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu. Wannan yana ɗaukar lokaci, don haka uwargida ta kasance da asusunta mai abin cefane na 'yan watanni. Ba wa ɗa katin cirar kuɗi da lambar sirri kuwa shi ne tushen zargi tsakanin 'yan uba, domin duk abin da aka cire bayan rasuwa dukiyar magada ce.

Malam, zakka fa a kan ragowar kuɗin?

Malamin fara'id, Minannata:
Gidan zama ba shi da zakka, amma kuɗinsa suna da ita. Ana fara lissafi daga ranar da aka karɓa. Idan shekara ta zagayo suna nan, kuma sun kai nisabi, kimar gwal giram 85, a fitar da kashi 2.5 cikin 100. Mai son yin waƙafi da wani yanki yana iya tuntuɓar Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, shi ma ya fitar da abin daga hannunsa tun da lafiya.

Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar rajistar kotu:
Saura kaya, kuma ranar kwashe su ita ce ranar rubutu. A sami littafi guda, a bi ɗaki ɗaki. Kayan ɗakin mace, gadonta, kwanoninta, firjin da ɗanta ya saya mata, a rubuta nata ne, don a sabon gida komai zai cakuɗe a falo ɗaya. Ajiyar mutane da ke cikin sito ko akwatin ƙarfe a mayar wa masu ita kafin mota ta zo. A rubuta bashin da ake bin sa da wanda yake bi, gonar fadama da ke hannun manomi da sharaɗin da aka yi, shanu ko tumakin da aka ba kiwo a ƙauye da sunan makiyayin da adadinsu, da zubin adashi. Littattafan addini a faɗi na gado ne ko an ba makarantar allo, idan an bayar a kai su. A sa kwanan wata, maigida da shaidu biyu waɗanda ba magada ba su sa hannu a kowane shafi. A yi kwafi uku: ɗaya a gida, ɗaya wajen lauya ko limamin unguwa, ɗaya wajen amintacce a dangi. Duk lokacin da aka sayar da wani abu ko aka biya bashi, a koma a gyara duka ukun.