Memorin katin hotona yana kai digiri 106 a ƙaramin akwati: zan iya ƙara masa gudu?

Ɗan Koyo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na mayar da kwamfutata cikin ƙaramin akwati irin na Mini-ITX wanda cikinsa bai wuce lita 18 ba, na kuma ɗora mata katin hoto RTX 3080 mai memorin GDDR6X gigabait 10, wanda na shekara uku ina aiki da shi a babban akwati ba tare da matsala ba. Yanzu babban guntun katin yana tsayawa a digiri 72 na Selshiyas, amma manhajar HWiNFO tana nuna mini cewa zafin memorin yana hawa har 106 bayan kamar minti ashirin ina wasa. Niyyata ita ce in ƙara wa memorin gudu da megahaz 800 ta MSI Afterburner, manhajar da ake saita gudun katin hoto da ita. Shin hakan zai yiwu a wannan hali, ko akwai abin da ya kamata in fara gyarawa?

Mai Gyaran Kwamfuta

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ajiye maganar ƙarin gudu tukuna, domin irin wannan memori yakan fara rage wa kansa gudu idan ya kai wajen digiri 110, kai kuma digiri huɗu kawai suka rage maka, to duk abin da ka ƙara zafi zai karɓe shi. Katin nan yana cin wuta har wat 320, kuma kusan dukkanta zafi take zama, wanda dole ya sami hanyar fita daga akwatin da iskar cikinsa kaɗan ce.

Ka fara da gwajin da ba zai ci maka komai ba: cire murfin gefe, ka sake yin wasan na minti ashirin. Idan zafin ya sauka sosai, matsalar iska ce, katin yana shaƙar iskar da shi kansa ya dumama. Maganinta shi ne fanka biyu a ƙasa suna turo iska mai sanyi kai tsaye zuwa katin, wasu kuma a sama suna fitar da mai zafi. Idan kuwa da ƙyar ya motsa, to robobin nan masu laushi da ke ɗaukar zafi daga guntayen memori zuwa ƙarfen sanyaya sun bushe, sai an canza su. A nan ne mutane suke yi wa kansu ɓarna. Kaurin robar ya bambanta daga kati zuwa kati, wani milimita 1, wani 1.5, wani 2, kuma idan ka sa wadda ta fi kauri za ta ɗaga ƙarfen daga kan babban guntun, sai ka wayi gari memori ya yi sanyi amma guntun ya ɗauki zafi sosai. Ka auna tsohuwar kafin ka jefar da ita.

Mai Ƙaramin Akwati

Na yarda da Malam a kan gwajin murfi, amma ni ba zan yi gaggawar kwance katin ba. Ka rage ƙarfin wutar da ke shiga babban guntun ta cikin Afterburner, misali ka tsayar da shi a wajen 0.85 na bolt, domin guntun da memorin ƙarfe ɗaya suke zuba wa zafi. Sai dai ka kula da abu guda: fankokin katin galibi zafin babban guntu suke bi, saboda haka idan ya yi sanyi za su sassauta, memorin kuma ya ci gaba da dahuwa. Ka ɗaga jadawalin fankar, wato saitin da ke tsara gudunta gwargwadon zafi, da hannunka ko da ƙara za ta ɗan ƙaru.

Injiniya

Bari in taɓa ɓangaren da ba a yi magana a kai ba. A tsofaffin katuna, idan ka wuce iyaka za ka ga ɗigo-ɗigo ko layuka a allo, ko wasan ya rufe. GDDR6X ba ya yawan nuna hakan, saboda yana gano kuskure a bayanan da aka aika ya sake aikawa. Allo zai yi kyau, lambar gudun za ta burge ka, alhali katin yana ɓata lokaci wajen maimaita aiki, yawan hotunan da yake fitarwa a daƙiƙa yana raguwa. Don haka ido ba ma'auni ba ne a nan. Ka riƙa ƙara megahaz 100, kana maimaita gwajin auna ƙarfi iri ɗaya kana rubuta makin, kuma da zarar makin ya daina hawa ko ya fara sauka, ka koma baya mataki biyu.

Ka kuma yi lissafin ribar. Katinka yana aika gigabit 19 a daƙiƙa ta kowane layi, da layuka 320, wato gigabait 760 a daƙiƙa, tunda gigabit takwas ke yin gigabait ɗaya. Ƙarin megahaz 500 a Afterburner zai kai shi gigabit 20, wato gigabait 800, kashi biyar cikin ɗari ke nan a takarda, kuma abin da zai bayyana a wasa bai kai hakan ba.

Ɗan Koyo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cire murfin, zafin ya sauka daga 106 zuwa 96, ashe gilashin gefen ne ya tsare iskar. Na sa fanka biyu a ƙasa, na rage wutar guntun, yanzu yana tsayawa a 92 da murfi a rufe. A gwajin kuma makin ya daina hawa a ƙarin megahaz 700, sai na bar shi a 500. Malam Mai Gyara, tunda ya sauka haka, in bar robobin yadda suke ko in canza su duk da haka?