Karatun mako: me za a ɗauka, me za a ajiye?

Rifkatu: Salama gare ku 'yan'uwa. Littattafan Kirista sun taru mini, wasu a waya wasu a kan tebur, ga kuma Littafi Mai Tsarki. Ta yaya kuke zaɓen abin da za ku karanta a mako?

Baba Istifanus: 'Yata, ki ɗauki abin da zai ƙare a makon. A Littafi Mai Tsarki, littafin Afisawa sura 6 ce: ɗaya kullum daga Litinin zuwa Asabar, Lahadi ki saurari wa'azi. Yakubu sura 5, Filibiyawa da Rut huɗu-huɗu. In kin ga ƙarshen ɗaya za ki ji marmarin buɗe wani.

Dauda: Haka ne Baba, amma ni tsarin shekara nake bi. Sura 1,189 ce gaba ɗaya, uku ko huɗu a rana an gama.

Mama Saratu: Dauda, ai kai ba ka da goyo! Farawa da Fitowa kam akwai labari mai jan mutum. Da an shiga Littafin Firistoci wajen watan Fabrairu, hadayar ƙonawa, hadayar gari, dokokin kuturta, sai ka ga alamar shafi ta kwana biyu wuri ɗaya. Wanda zai shige shi ya haɗa da Ibraniyawa, musamman sura 9 da 10, a nan ne ake gane me jinin hadayun nan yake nufi. Rifkatu, in rana ta kuɓuce miki kada ki ce sai kin rama, ramuwar ce ke kashe gwiwa. Littafin Karin Magana sura 31 ce, ki duba kwanan wata kawai ki buɗe surar da ta yi daidai da shi.

Rifkatu: Na gode Mama. To, sauran littattafan fa?

Fasto Bitrus: Ɗaya tak a lokaci guda. Duba jerin babobinsa, ki ware biyu a mako. In kin kai babi na uku bai mayar da ke ga Nassi ba, ajiye shi, ba zunubi ba ne. Ni na fi son tsofaffi, irin na John Bunyan mai suna Pilgrim's Progress da ya fito a 1678.

Dauda: Fasto, sauraro ta waya ya shiga lissafi?

Fasto Bitrus: Ya shiga, in dai ba barci ya kwashe ka a aya ta biyar ba.

Rifkatu: Afisawa zan fara ranar Litinin. Wa zai bi ni?

Mama Saratu: Sa sunana.